Abin da Na Koya wa Saudatu

Ku 'ya'yana, akwai shekara guda da kowannenku yake riƙe da nasa labarin a kanta, kuma babu wanda ya ji shi daga bakina. Ke Asma'u, an gaya miki cewa rashin kunya na yi wa Baffanku Alƙali a cikin zaurensa. Kai Bashir, yaran unguwa sun ce maka uwarka tana koya wa 'yan mata murƙushe gawa, ka dawo gida da leɓe a fashe ka ce mini faɗuwa ka yi, ni kuma na yi kamar na yarda. Auta kuwa abin da ta sani kawai shi ne an wayi gari Inna ba ta kwana a gida sai ƙarshen mako. Yanzu na ajiye alli, gwiwa ta hana ni yawon biki da suna, lokaci har ya yi mini yawa. Saboda haka bari in faɗa muku yadda aka yi aka ɗauke ni daga Kaura aka mayar da ni Zurmi. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, don haka zan kawo maganarsu yadda suka yi ta, ba zan rage musu komai ba.

A lokacin ina koyar da kimiyyar lafiya a wata sakandaren 'yan mata. Aka aiko cewa ana neman malami ɗaya daga kowace makaranta ya je Gusau a koya masa taimakon gaggawa. Da yake a lokacin hutu za a yi, kowa a ofishin malamai ya sunkuyar da kai yana duba farcensa, sai ni uwar karambani na ɗaga hannu. A can wani likita da ma'aikatan jinya suka shimfiɗa mana mutum-mutumi na roba a ƙasa, suka ce mu durƙusa. Abin da suka koya mana ba shi da yawa. Idan mutum yana tsaye da ƙafarsa ya yanke jiki ya faɗi, ka kira shi ka girgiza kafaɗarsa bai amsa ba, ka duba ƙirjinsa ba ya numfashi, to zuciyarsa ce ta daina tura jini. Ka ɗaga murya a nemo mota, ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗayan hannun a bisa, ka miƙe gwiwar hannu, ka yi ta dannawa da ƙarfi da sauri ba tsayawa. Hannunka ne zai riƙa yi wa zuciyar aikinta har a kai ga masu magani.

Sai likitan ya ce akwai wani numfashi da yake yaudarar mutane, su ɗauka mutum yana shaƙar iska alhali zuciya ta riga ta tsaya. Ya buɗe baki ya kwaikwaya mana: ya ja iska da wani irin minshari, ya yi shiru, can ya sake ja. Na san wannan sautin, duk macen da ta taɓa zama a gefen mai jinya ta san shi. Gargara ce. A tarbiyyar da muka taso da ita, in gargara ta fara an gama. Sai a sassauta murya, a jiƙa wa mutum leɓe da ruwa, a juya shi ya fuskanci alƙibla, wani babba ya matso kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada a hankali, kada a dame shi da komai har rai ya yi halinsa. Wannan ita ce ƙauna ta ƙarshe da muke nuna wa namu, kuma ni ma ina fatan a yi mini ita. Na miƙe na faɗa wa likitan haka a gaban kowa. Ya ce gaskiya ne ga wanda ya daɗe yana jinya har jiki ya ƙare. Amma wanda yanzun nan yake tafiya ya faɗi, wannan sautin a wurinsa alama ce ta cewa da sauran ɗan lokaci, kuma a lokacin ne ake son hannu. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce haƙarƙari yakan karye, musamman na dattijo. Ya ce mafi yawa ba sa dawowa, balle inda asibiti yake da nisa. Amma wanda aka tsaya ana kallo, shi ko wannan ɗan rabon ba shi da shi.

Na dawo Kaura da ilimi amma babu ɗan roba, don masu shi sun naɗe kayansu sun tafi da shi. Na samo buhun gero, na cusa masa tsummoki, na sa tsohon tiyub na babur a tsakiya don ya riƙa dawowa in an danna, na zura masa tsohuwar rigar babanku ba da saninsa ba. Kafin a tashi ranar 'yan mata sun raɗa masa suna Alhaji Buhu, har ana durƙusawa ana tambayarsa ya iyali. Maganar hura iska baki da baki kuwa na ajiye ta gefe, don an ce mana hannu kaɗai ma yana amfani ga babba, kuma na san garinmu. Wahalar da na sha ita ce ta saurin dannawa. Wata ta yi kamar tana lallashin jariri, wata kamar tana kashe kunama. Sai rannan na ce su tuna lugude, yadda taɓare suke sauka a turmi in mata sun haɗu, in ɗaya ta gaji wata ta karɓa ba tare da turmin ya yi shiru ba. Nan take hannuwansu suka daidaita. Na faɗa musu duk abin da likita ya faɗa mana, har da na haƙarƙarin, na ce musu rai na Allah ne, mu dai sababi muke riƙewa.

A cikinsu akwai Saudatu, 'yar Shinkafi, doguwa, mai zama a layin baya. Ba ta cikin masu ɗaga hannu, a jarrabawa ma tsaka-tsaki ce. Amma in ta durƙusa a kan Alhaji Buhu sai in kira sauran in ce su kalli kafaɗunta. Ranar da muka gama darasin, ana ta hayaniyar fita, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta.

“Malama,” ta ce, “in akwai manya wurin hwa? In sunka ce in bari?”

Na ce, “Ki ba su haƙuri da bakinki, amma hannunki kar shi tsaya.”

Na yi ta juya wannan amsar a raina shekara da shekaru, har yau ban samo wadda ta fi ta ba. Ta ce to, ta bi 'yan'uwanta. Ba a daɗe ba aka yi hutu, kowa ya koma garinsu, lokacin ana ta yankan gero.

Hutun bai ƙare ba shugabar makaranta ta aiko a kira ni. Mace ce mai kirki, mun daɗe tare, amma ranar ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Ta ce mahaifin Saudatu ya rasu. Dillalin dabbobi ne, ya dawo daga kara ranar kasuwa, ya zauna zai yi alwalar la'asar, sai ya kife. Ta ce mutum biyu sun zo mata daga Shinkafi da ƙorafi. An riga an juya shi gabas ana laƙƙana masa kalma, yarinyar ta ratsa manya ta hau ƙirjinsa da danna. Da aka zo yi masa wanka, yayansa Malam Ɗahiru ya ji haƙarƙari a karye. Yanzu magana ta cika Shinkafi cewa Saudatu ce ta ƙarasa ubanta, kuma a makarantar boko aka koya mata.

“Malama Luba,” ta ce, “hanya guda nag gani. Ki ce ba haka kik koya masu ba. Ki ce yarinya ta ruɗe ta yi abin da ba a sa ta ba. In kin hwaɗi haka, ni na san yadda za ni kashe wutar.”

Na miƙe na yi mata sallama. Na fito, na wuce mai babur ɗin da ya kawo ni ban ma gan shi ba.

Kafin in iso gida maganar ta riga ni, don Malam Ɗahiru ya yi karatun littattafai a gaban Baffanku Alƙali, kuma shi ya fara kawo wa kukansa. Ku kun san Baffanku da furfura da sanda, yana raba muku dabino. Ni na san shi lokacin da in ya yi gyaran murya a zaure har kajin tsakar gida sukan natsu. Shi ya riƙe babanku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya nema masa aurena. Ba azzalumi ba ne, kada wani ya gaya muku haka. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa ana kawo masa magana yana raba ta biyu yana yanke hukunci. Ya sa aka kira ni, na durƙusa, babanku yana gefe kansa a ƙasa.

“Luba, tambaya guda za ni yi maki,” ya ce. “Sa'adda yarinyar ga taɗ ɗora hannu bisa ƙirjin ubanta, shina da rai ko ba shi da shi? In ba shi da rai, to gawa tak karya ma ƙashi, kin kuwa san nauyin wanga. In shina da rai, to ita taƙ ƙarasa shi. Zaɓi guda.”

Na ce, “Allah shi gafarta Malam, akwai wuri tsakanin biyun. Zuciya ta tsaya, amma ba a gama ba. Ɗan lokaci na, bai kai a dahwa shayi ba.”

“Wanga tsakanin, likita yag gaya maki shi. Ni ban iske shi cikin karatuna ba.” Sannan ya sassauta murya. “Ki ce ta yi kuskure. Yarinya ta, za a ce ruɗewa ta, a yahe mata, a manta. Ke kuwa matar gidan ga ta. In anka ce ke kik koya mata, sunan gidan ga za a kira ga bakin kowa.”

Na koma ɗaki da wannan maganar, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini daɗin ji. Makaranta ta huta, gida ya huta, ni in ci gaba da kwana da 'ya'yana, yarinya kuma a yafe mata. Amma da na bi maganar har ƙarshenta sai na ga inda take sauka. Yafewar da za a yi wa Saudatu yafewar wadda ta kashe ubanta bisa kuskure ce. Da ita za ta yi aure, da ita za ta haihu, duk ranar da ta saɓa da wata a bakin rijiya a tuna mata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ita kanta za ta yarda, tunda malamar da ta koya mata ce ta faɗa.

Da safe na ce wa babanku ina son in je Shinkafi in ji daga bakin yarinyar. In ta yi kuskure zan faɗa, in ba ta yi ba ba zan ce ta yi ba. Yana shan koko, ko ɗagowa bai yi ba. Kun san shi da ƙarancin magana, har kukan ce a gidan nan ni ce rediyo shi ne mai saurare. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya tsallake maganar yayansa ba, ko a kan kalar fentin ƙofa. Ya shanye kokonsa, ya wanke hannu, ya shige ɗaki. Na ce a raina shi ke nan, an hana ni. Sai ga shi ya fito da hula a kai.

“Tashi mu tahi tun da sahe,” ya ce. “Hanyar ga ba a yi mata yamma.”

Kun san yadda hanyar Shinkafi ta kasance a waɗannan shekarun. Mota takan cika maƙil amma ba mai hira, kowa leɓensa yana motsi, idonsa yana kan daji. Muka isa lafiya kafin azahar. An riga an yi sadakar bakwai, amma da sauran tabarmi a ƙofar gida. Babanku ya zauna cikin maza, ni na shige ciki. Na yi wa mata gaisuwa suka amsa da fara'a, da suka ji ko ni wace ce sai amsar ta yi sanyi. Na tambayi Saudatu, wata tsohuwa ta nuna mini bayan rumbu da haɓa. Can na same ta a wani ɗan ɗaki da ake ajiye buhuna, ga kwanon tuwo a rufe a bakin ƙofa ba a taɓa shi ba. Ta rame har wuyanta ya ƙara tsawo. Ta ce ba wanda ya koro ta nan, amma in ta shiga cikin mata sai hira ta mutu. Na zauna kusa da ita na ce ta faɗa mini komai daga farko, kada ta tsallake. Ta faɗa da murya guda, idonta a kan tabarma.

“Ina cikin ɗaki naj ji Inna ta yi salati. Na hito na iske shi kwance, Inna na zuba mai ruwan buta. Baffa Ɗahiru ya shigo ya juya shi gabas. Na kira shi, na girgiza shi, bai amsa ba. Naj ji shina wagga gargara da kik kwatanta muna. Na ce a nemo mota, na maishe shi rigingine, na hwara. Naj ji abu ya yi ƙas ƙarƙashin hannuna, nat tuna kin ce kar a tsaya. Baffa na ce mani bari, ina ce mai yi haƙuri, yi haƙuri. Na gaji, Malama. Na diba ko akwai mai karɓa ta, ba kowa. Sannan anka ɗauke ni. Sa'adda mota taz zo an riga an ruhe shi.”

Na jawo wani buhu na ce ta nuna mini. Ta durƙusa, ta ɗora hannu inda ya kamata, ta miƙe gwiwar hannu, ta fara dannawa. Na tsaya a kanta ina neman kuskure, wallahi nema nake yi da gaske, don da na samu da komai ya zo mini da sauƙi. Babu ko ɗaya. Da likitan Gusau yana wurin da bai gyara mata komai ba. Ta tsaya, hannunta yana kan buhun.

“Malama, ni nak kashe shi?”

“A'a, Saudatu. Ba ke kik kashe shi ba.”

Ta dube ni kawai. Nan na gane cewa faɗa mata a bayan rumbu ba zai sauke mata kayan ba, tunda a ƙofar gida aka ɗora mata su. Na aika a gaya wa babanku ina neman izinin magana da Malam Ɗahiru. Suka shigo zaure, shi da wasu dattawa, ni kuma na durƙusa daga bakin ƙofar da take shiga cikin gida, na ja mayafi. Na zo da shirin haɗuwa da mafaɗaci, sai na tarar da tsoho mai jajayen idanu.

“Malama, ƙanena na,” ya ce. “Bisa wuyana nike ɗaukar shi zuwa gona. Ni nay yi mai wanka. Na san mai wankan gawa ba ya hwaɗin abin da yag gani, na sani. Amma na ɗora hannu bisa ƙirjinai naj ji ƙashi na motsi, na kasa riƙewa. Mutum na kan hanyatai, muna raka shi da kalma cikin natsuwa, a zo a turmushe shi awa ɗan kokuwa?”

Tausayinsa ya kama ni har na kusa fasa abin da ya kawo ni. Na yi masa ta'aziyya, na ce Allah ya ba shi ladan rakiyar da ya yi wa ɗan'uwansa. Sannan na yi ta maza.

“Malam, abin da Saudatu tay yi, ni nak koya mata, kuma ba ta kuskure ko kaɗan ba. Da ni ta wurin, abin da za ni yi ke nan, kuma ga hannuna ƙashin zai karye. Ba ƙashin yak kashe shi ba. Zuciyatai ta tsaya tun ba ta taɓa shi ba, ita ƙoƙarin tashe ta tay yi. In da laihi, ni za a riƙa.”

Wani dattijo ya juya ga babanku ya tambaye shi ko yana zaune matarsa take irin wannan magana a gaban maza.

“Da izinina taz zo,” in ji babanku. “Abin da tac ce na ji, kuma na yarda da ita.”

Sai Malam Ɗahiru ya ɗago kai ya yi magana.

“Zancen zuciya ta tsaya ko ba ta tsaya ba, ni ban san shi ba, kuma ban karɓe shi ba. Amma tunda kin ce ke kik koya mata, kuma yadda kik koya mata tay yi, to yarinya ba ta da laihi. Ɗiya ta bi malamarta. Ke za mu riƙa.”

Na ce na yarda. Suka kuwa riƙe ni. Ƙorafin ya hau sama da sunana a kai, aka tsayar da darasin, aka jefa Alhaji Buhu a ɗakin ajiya har ɓeraye suka gama da shi. Kafin a koma hutu an ce in tafi Zurmi, wai har ƙura ta lafa. Ƙurar ta ɗauki shekaru tana lafawa. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, ina zuwa muku ranar Juma'a in hanya ta yi kyau, in ba ta yi ba sai wani makon. Asma'u, ke kika zama uwar gida tun ba ki gama wasan 'yar tsana ba. Haƙorin Auta na farko ya fita ba na nan, sallah ma ba ni na koya mata ba. Akwai ranakun da nakan zauna a ƙofar ɗakin nan na Zurmi bayan an tashi makaranta, in ji 'ya'yan maƙwabta suna kiran uwarsu, in shiga ciki in rufe ƙofa. Ba wanda ya tambaye ku kafin a ɗora muku wannan, kuma na san ya yi muku nauyi.

Babanku ma bai tsira ba, ko da yake bai taɓa faɗa muku ba. Tun yana yaro a kwano ɗaya yake cin tuwon dare da yayansa a zaure. Ranar da muka dawo daga Shinkafi aka kai masa nasa tuwon can kamar kullum, sai aka dawo da shi a rufe. Daga ranar ya koma ci tare da ku, kuna ta murna Baba ya dawo cikin gida. Baffanku Alƙali bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba. In na gaishe shi yakan ce lafiya, daga nan ba ya ƙarawa. Sai a jinyarsa ta ƙarshe muka yafi juna. Bai canza ra'ayinsa ba, ni ma ban canza nawa ba. A Zurmi na sake ɗinka wani buhun, amma wannan karon sai da na fara tara iyaye na nuna musu kafin in nuna wa 'ya'yansu. Wasu suka yarda, wasu suka hana nasu.

Amma ban gama muku da ranar Shinkafi ba. Da na tashi daga bakin zauren ina neman takalmina, sai tsohuwar nan ta taɓa ni ta ce uwar Saudatu tana kira na. Ɗakinta bango ɗaya ne da zauren, don haka ba ta jira a kawo mata labari ba. Na same ta a kan tabarma cikin kayan takaba, ba kwalli ba ɗan kunne, carbi a hannu. Ta sallami matan da suke ɗakin. Saudatu ce 'yar farinta, kuma kun san yadda ake yi. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce ke, ko waccan. Tun ranar rasuwar kuwa ko wannan ke ɗin ta ɗauke.

“Malama, tsakaninki da Allah za ni tambaye ki,” ta ce. “Da ba ta taɓa shi ba, da ya tashi?”

“Da bai tashi ba.”

“Da tat taɓa shi, akwai rabon shi tashi?”

“Akwai. Kaɗan na, amma akwai.”

Ta ja carbinta kaɗan, ta ajiye shi a kan cinya.

“Ni ruwa naz zuba mai. Shi kaɗai na sani. Buta ta ƙare, nat tsaya riƙe da ita ina kallo.”

Sai ta juya ga ƙofa, ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

“Saudatu!”

Can sai ga yarinyar ta ɗaga labule ta tsaya, tana dubana tana duban uwarta, ba ta tabbata bakin wa sunan ya fito ba. Uwar ta jawo matashin kai ta ajiye a gabanta, ta gyara zama ta durƙusa.

“Taho ki gwada mani.”

Saudatu ta matso ta durƙusa a gabanta. Ta kama hannun uwarta ta ɗora a tsakiyar matashin, ta ɗora ɗayan a bisa, ta ce mata ta miƙe gwiwar hannu kada ta lanƙwasa. Matar ta fara dannawa. Ba ta jima ba numfashinta ya fara sama, gumi ya tsattsafo mata a goshi, hannun ya soma rawa. Ta tsaya tana haki.

“Haka kiy yi ta yi mai?”

“Haka, Inna.”

“Ke kaɗai?”

“Ni kaɗai.”

Uwar ta dubi hannuwanta, sannan ta dubi 'yarta a cikin ido.

“Da na iya, da na karɓe ki.”

Sai a lokacin Saudatu ta fashe da kuka.